Ruwan Jakuzin Sitti Hauwa

Ranar bikin Sadiya na ji Umar da kunnena yana gaya wa matarsa, yana dariya, wai taurin kan Mama ne ya sa aka tura Baba aiki Yanbu, wai na kulle digirina a akwati na koma wanke wa Larabawa baho. Ban tanka ba, domin gida cike yake da baƙi, kuma na san ba shi ya ƙirƙiro maganar ba. Tsintarta ya yi a bakin mutanen da suka ci tuwona suka fita suna yaga ni. Amma ta tsaya mini a wuya har yau. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, ba zai tashi ya gyara muku zancen ba, saboda haka ni zan gyara. Ke Hafsa kina da wayo a shekarar, kin ga wani abu, amma rabinsa kika gani. Ku natsu ku ji yadda aka yi.

Lokacin da na biyo Babanku Madina, aikin haɗa magunguna na baro a wani babban asibiti a Kano. Shi injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, Muhandis suke ce masa da Larabci, ni kuwa a iƙamata, wato takardar zama, an rubuta ni 'yar rakiya, ba ni da izinin aiki. Na san haka tun kafin in hau jirgi, kuma ban yi nadama ba, wa zai ƙi zama maƙwabcin Manzon Allah? Sai dai zaman bene a unguwar Khalidiyya, ƙofa a rufe, taga a rufe, ba abin da kake ji sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, ya kusa haukata ni. Abin da ya cece ni shi ne gidan da ke kallon namu. Matar gidan Zainaba ce, wadda kowa ke kira Ummu Faisal. 'Yan ƙasa ne, an haife su a nan, ita har iyayenta a nan aka haife su, amma idan ka shiga kicin ɗinta daddawa za ta fara yi maka maraba. Hausarta rabi Larabci ce, ta kama magana da yarenmu ta ƙare da nasu, ni kuma take kirana Daktora, kamar yadda suke kiran duk mai ilimin magani. Mijinta Abu Faisal ɗan kasuwa ne, Allah ya buɗa masa a 'yan shekarun. Uwarsa ita ce Sitti Hauwa, wato Kaka Hauwa, tsohuwar da aka goyo daga Damagaram aka keta Sudan da ita tana ƙarama. Ta tsufa a wani tsohon gida a Harra ta Gabas, cikin baƙaƙen duwatsun nan, sai da ciwon gwiwa da ciwon suga suka kayar da ita sannan ta yarda ɗanta ya ɗauko ta.

A shekarun nan ne yayin jakuzi ya shigo gidajen masu hali. Ku da kuka tashi kuka gan shi ba za ku gane yadda ya ɗauki hankalin mutane ba. Wani ƙaton kwami ne da mutum zai zauna ruwa ya kai masa ƙirji, da injin da ke ɗumama ruwan, da ƙananan ramuka a jikinsa masu feso ruwa da iska suna danna maka baya kamar ana tausa. Irin wanda Abu Faisal ya sayo ba a zubar da ruwansa bayan an yi wanka, rufe shi ake yi da murfi ya zauna da ɗuminsa har gobe. Don uwarsa ya saya, da kyakkyawar niyya, wannan ba zan hana shi ba. Aka kafa shi a sashen mata, a wani ɗaki kusa da nata. Ranar farko Sitti ta tsaya a bakinsa da sandarta tana kallon ruwan yana ɓulɓula.

“Wannan tukunyar dafa tsofaffi ce,” in ji ta. “Ɗiyata, in na nuna ku sauke ni.”

Amma ta shiga, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Kullum da hantsi Zainaba za ta riƙe ta ta shiga, ta zauna a gefe tana yi mata hira. Jikoki su dawo makaranta su faɗa ciki da kayansu. Ƙannen Abu Faisal mata idan sun zo ziyara su ma su shiga. Zainaba, don son kyautata wa surukarta, takan zuba ruwan wardi, ta ɗiga turaren udu, wani lokaci har man zaitun, wai don fatar tsohuwa ta yi laushi.

Ba a daɗe ba ƙuraje suka feso wa Sitti, jajaye, a baya da cinyoyi. Sai tari ya biyo baya. Sannan wani ɗan rauni da ke yatsan ƙafarta, wanda bai kai a kula ba, ya kumbura ya yi baƙi. Ni duk ban sani ba, domin a lokacin Sadiya na jinyar ƙyanda, ban leƙa ko'ina ba. Wata ranar bayan la'asar aka buga mini ƙofa, na buɗe na ga Zainaba, abayarta a karkace, idanunta sun kumbura.

“Daktora, khalas, shi ke nan, aurena ya mutu,” ta ce. “Sun ce ni na sa wa Sitti abu a ruwa.”

Na jawo ta ciki na zaunar da ita. Ashe an kwantar da Sitti a asibiti, kuma Khadija, babbar ƙanwar Abu Faisal, ta tara dangi ta ce ita ta ga Zainaba da idonta tana ɗiga wani abu daga kwalba a cikin ruwan. Ta ce tun farko ba ta so a kawo tsohuwar gidanta ba, shi ya sa ta nemi hanyar gamawa da ita. Abu Faisal bai ce ya yarda ba, amma ya ce ta haɗa kayanta ta tafi gidan iyayenta har a ga abin da Allah zai yi. Matar da ta yi watanni tana wanke uwarsa, tana yanke mata farce, tana tauna mata dabino don ba ta da haƙora.

Na tambaye ta yaushe rabon da a sauya ruwan. Ta dube ni kamar na yi wani yare.

“Ai ba a sauyawa. Mai shagon ya gaya wa Abu Faisal injin da kansa yake wanke ruwan.”

Na saka abayata muka tsallaka. Khadija na nan a falo ta harɗe, da 'yan'uwanta. Na gaishe su, na wuce ɗakin, suka biyo ni. Da na ɗaga murfin, ƙamshin udu ne ya fara dukana, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. Ruwan kuwa a ido garau. Na shafa jikin kwamin daga ciki, yatsuna suka zame, santsi kamar an shafa kuɓewa.

“Kin gani ko?” in ji Khadija. “Ruwa fes, launinsa bai sauya ba, ko alwala a yi da shi. In ba an sa wani abu ba, me zai ci ƙafar mutum a nan?”

Na ce a ba ni sukundireba. Na kwance marfin da ke gefe, na zura hannu na zaro matatar, wato abin da ke tace dattin ruwan. Asalinta fara ce kamar alli. Abin da ya fito a hannuna baƙi ne, ya yi kore-kore, gashi ya nannaɗe shi, wani abu kamar majina yana zuba daga jikinsa. Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki ta fita da gudu. Na ce da Khadija, wannan shi ne abin da uwarku ke zama a ciki kowace safiya da buɗaɗɗen ciwo a ƙafarta. Ruwan ɗumi da ba a sauyawa, ba a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, mutum goma suna shiga da guminsu, ga mai ga turare, ai gona aka yi wa cuta, har da taki. Ƙwayar cuta ba ta da launi, ba ta kuma jiran wani ya ɗiga ta daga kwalba. Na ce ke ma kin shiga, ɗaga hannun rigarki in gani. Ta ƙi. Ƙanwarta ce ta ɗaga nata, ga ƙurajen nan iri ɗaya da na Sitti.

Abu Faisal yana majalisar maza, ba zan iya shiga in same shi ba. Na sa matatar a roba na ce a kai masa, a ce daga Daktora, ga mai sammun nan an kama. Daga baya ya turo a ce wa Zainaba ta mayar da kayanta ɗaki. Shi ke nan. Bai ba ta haƙuri a gaban waɗanda aka tozarta ta a gabansu ba, Khadija ma ba ta bayar ba, cewa ta yi ƙaddara ce. Sitti kuwa sai da aka yanke mata yatsan. Tarin ya warke, amma ba ta sake taka ƙafar yadda take takawa ba har ta koma ga Allah.

Na kasa haƙura. Na matsa wa Babanku har ranar Alhamis ya kai ni shagon da aka sayi abin, a Anbariyya. Babban shago ne, jakuzi jere suna ƙyalli. Mai shagon ya tarbe mu da fara'a, ya ɗauka saye muka zo yi. Da Larabcina na makaranta na gaya masa abin da ya faru. Tun da na buɗe baki bai dubi inda nake ba, Babanku yake ba amsa, kamar rediyo ce ke magana a gefensa. Ya ce su suna da tsarin kula da ruwa, wanda ya shiga tsarin ana tura masa lebura duk wata, Abu Faisal ne bai shiga ba. Na ce jakuzin nan yawanci a ɗakunan mata ake kafa su, wane magidanci ne a garin nan zai bar lebura ya shiga ɗakin matarsa? Kuma ruwan da ke buƙatar a duba shi kusan kullum, me zuwan wata-wata zai yi masa? Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce. Na ce ɗan littafin da ke zuwa da abin da Italiyanci aka rubuta shi, ko shi ba ya iya karantawa. Na roƙe shi abu ɗaya, ya riƙa gaya wa masu saye gaskiya, cewa ruwan nan yana son kulawa, in ba a kula ba yana cutarwa. Sai ya yi murmushi ya dafa kafaɗar Babanku.

“Ya Muhandis, in na ce wa mutum abin nan zai iya sa masa ciwo, wa zai saya? Ka gaya wa iyalinka ta bar wa maza harkar maza.”

Tsohuwa na kwance an yanke mata yatsa, an kusa raba uwa da 'ya'yanta, shi abin da ya dame shi ke nan. Na nuna kayan gwajin ruwa da ke wani lungu sun yi ƙura, Babanku ya saya mini, muka fito.

Da Zainaba na fara. Bayan an sallamo Sitti muka zubar da ruwan, muka wanke bututun da maganin da ya dace, muka sa sabuwar matata. Sitti na zaune a keken guragu a bakin ƙofa tana sa mana ido. Na nuna wa Zainaba yadda ake ɗiban ruwa a 'yar kwalba, a ɗiga maganin gwaji, a duba launin da ya bayar. Ɗaya yana nuna ko kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cutar, ya isa. Ɗayan yana nuna ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Na yi ta bayani irin na makaranta, Zainaba na gyaɗa kai, na san ba ta gane ba. Sai na ce mata, kin san miyar yakuwa? In tsami ya yi yawa me kike yi? Ta ce ta jefa kanwa. In kanwa ta zarce fa? Ta ce miya ta lalace, sai a ƙara tsami. Na ce to haka ruwan nan yake, tsakiya ake nema. In ya yi tsami yana cin fata da ƙarfen injin, in ya yi kanwa kulorin ɗin kwanciya yake yi ya bar aiki, farin gishiri kuma ya toshe bututu, musamman irin ruwan tankar da ake kawo mana mai nauyi. Sitti ta buga sandarta a ƙasa.

“To ai da haka kika ce tun ɗazu! Ku masu boko sai kun kai mutum Sudan kafin ku kai shi Makka.”

Daga nan na samu bakin koyarwa. Labari kuwa ya bazu ta inda labarin mata ke bazuwa, a wajen biki da gaisuwar mutuwa. Sai ga direban wannan gida ya zo ɗaukata, gobe na wancan. Abin da na gani a gidajen nan ya isa ya sa mutum kuka. Na ga amaryar da mijinta ya ƙaurace mata saboda ƙurajen da ya ɗauka wata muguwar cuta ce ta zo da ita. Na ga mai ciki wata bakwai da ke zama cikin ruwa mai zafin gaske har jiri ya kwashe ta. Na tarar da wata ta ɗauko ruwan wankin masai mai asid za ta haɗa da kulorin don ruwa ya fi tsabta, na fizge kwalbar daga hannunta, domin hayaƙin da zai tashi a rufaffen ɗaki ya isa ya kashe ta da 'ya'yanta. Matan nan ba jahilai ba ne, wasu malaman makaranta ne. Ba wanda ya taɓa gaya musu ne kawai. Nakan ce musu a yi wanka da sabulu kafin a shiga, ba bayan an fito kaɗai ba. Turare da mai a bar su a kan madubi. Mai ciwo a buɗe kada ya shiga, yara kada su nutsa kai, mai dogon gashi ta ɗaure shi. A ciro matata a wanke, a zubar da ruwa a kan lokaci ko da ya yi kyau a ido. Kuma ba na barin gida sai matar ta yi gwajin da hannunta a gabana, ni ina naɗe da nawa hannun. Ban je don in wanke wa kowa baho ba. Na je ne don kada su sake buƙatata. Ban kuma taɓa karɓar lada ba, sai dai gahawa da dabino, wanda ko ɗan aike ana ba shi.

Waɗanda suka fara sukata ba Larabawa ba ne, namu ne. Muna da taron matan 'yan Nijeriya da muke yi gida-gida, matan likitoci da malaman jami'a. A wani zama, ana tsakiyar cin abinci, Hajiya Turai, matar wani babban likita, ta ajiye cokali ta dube ni.

“Hajiya Binta, wai gaskiya ne abin da muke ji? Ke da karatunki, kina bin gidaje kina kwashe dattin mutane? Mu fa nan da ƙyar muka samu suka daina kallon kowane baƙin mutum a matsayin ɗan aiki. Kina zubar mana da mutunci.”

Na ce mata mijinki da me yake ci da ku, ba da ƙurji da mugunya da fitsarin mutane ba? Don shi yana sa farar riga, ni ina sa abaya? Ba wadda ta goyi bayana, har waɗanda na yi wa jinyar 'ya'ya. Daga ranar aka daina kirana taron. Wannan bai yi mini zafi ba kamar ranar da ke Hafsa kika dawo makaranta kika jefar da jaka, kika tsaya a ƙofar kicin. Da Hausa na tambaye ki abin da ya faru, da Larabci kika amsa, kamar yadda kuka saba. Kin ce wata 'yar ajinku ta faɗa a gaban kowa cewa uwarki ce ke wanke musu banɗaki. Kika ce aibi ne, kika ce da ma ba ni na haife ki ba. Ban dake ki ba, ban kuma riƙe ki da shi ba, yarinya ce ke. Amma ina so ki sani yau, ƙanin yarinyar nan kunnensa ruwa yake zubarwa lokacin da na shiga gidansu, kuma uwarta da kanta ta rungume ni a bakin ƙofa.

Shi kuwa mai shago abin ya fara taɓa shi. Maza suna zuwa suna yi masa tambayoyin da matansu suka koya musu, wasu suna fita daga tsarinsa na lebura. Ashe surukin mai kamfanin da Babanku ke yi wa aiki ne, mai kamfanin kuma shi ne kafilinmu, zamanmu a ƙasar duk a hannunsa yake. Ya kai ƙara cewa matar Muhandis tana sana'a ba izini, tana ɓata masa kasuwa. Mutumin da ya sayar da abin da ya ci yatsan tsohuwa, shi ne mai ƙara, ni ce mai laifi. Babanku ya dawo daga ofis bai ci abinci ba, ya kira ni ɗaki.

“Binta, an kira ni a kanki. Ƙasar nan ba tamu ba ce. Ina roƙonki ki bari.”

Na ce, Alhaji, me na sata? Ya ce ba ki saci komai ba, amma ki bari. Na bari. Direbobi suka yi ta zuwa ina mayar da su. Na yi makonni a haka, ina dafa abinci ina ƙona shi. Sai wata rana Zainaba ta shigo da wata 'yar'uwarta daga Harra ta Gabas. Mijin matar ya sayi tsohon jakuzi a hannun wani, ya kafa wa mahaifinsa mai shanyewar ɓarin jiki, kuma tsohon ya fara irin tarin Sitti. Matar ta riƙe hannuna tana cewa don Allah, don Annabi. Na ce su jira. Na ɗauki waya na kira Babanku a ofis, domin ban taɓa fita a ɓoye ba, kuma ba zan fara ba. Na gaya masa komai.

“Ban ce ki je ba,” in ji shi. “Ban kuma ce kada ki je ba.”

Na je. Na ce su fara kai tsohon asibiti, su gaya wa likita a ruwan da yake zama, sannan na koya wa matar abin da na koya wa sauran. Ba a rufa wata ba takardar sauyin wurin aiki ta fito, aka tura Babanku Yanbu.

Ba zan ce muku abin bai yi tsada ba. Ya yi. Mutumin da ke sallar asuba a Harami ya koma kwana a ɗakin ma'aikata a bakin teku, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Kai Umar a lokacin ka fara ƙin makaranta, ba mai tsawata maka. Sadiya ta fara magana ba ya nan. Hawan jinin da ya yi ta fama da shi daga baya, ina zaton a can ya samo shi. Na sha zama ni kaɗai in tambayi kaina ko na kyauta. Amma duk sanda na juya abin, fushina ba ya sauka a kaina. Yana sauka ne a kan wanda ya san gaskiya ya ɓoye don ciniki, da wanda ya hukunta ma'aikacinsa don faranta wa suruki, da 'yan'uwana da suka ga ana yi suka ce ni na jawo.

Mai shagon bai tsaya nan ba, ya hana a sayar da kayan gwaji ga duk wanda ya san daga wajena yake, har direban Zainaba ya koro. A lokacin kuwa ban san wani wuri a garin da ake samunsu ba. Kwalabena suka kusa ƙarewa, matan da na koya wa suna aiko mini nasu sun ƙare. Ban gaya wa Babanku ba. Tun da ya koma Yanbu ba ma zancen ruwa, ni kunya, shi kuma na ɗauka haushi.

Wata Laraba da yamma ya iso, ya yi baƙi, ya rame, ƙurar hanya har a girarsa. Bayan jakarsa sai na ga ya koma mota ya kinkimo wani kwali ya dire a tsakar falo. Na ɗauka kifi ne, don yakan kawo. Na buɗe. Kayan gwajin ruwa ne cike, da matatu sababbi, da kulorin a robobi. Na ɗago na dube shi. Ya zauna yana cire takalmi, bai ko kalle ni ba.

“Abu Faisal ya ce mini an hana ku. A Yanbu akwai shago, Turawan kamfanin mai suna saye.”

Na ce, Alhaji, ni da na jawo aka kore ka daga gidanka?

Ya ajiye takalmin ya gyara zama.

“Wa ya ce miki kora ta aka yi? Zaɓi mai kamfani ya ba ni. Ya ce ko in mayar da ke Kano, ko in sa hannu cewa ba za ki sake shiga gidan kowa ba, ko in tafi Yanbu. Na ce a ba ni Yanbu.”

Na ce me ya sa bai gaya mini ba tun tuni. Ya ce don ya san ni, da na sani da na bari, kuma shi tun ranar da mutumin nan ya dafa masa kafaɗa a shago ya ce ya gaya wa iyalinsa ta bar wa maza harkar maza, shi kuma bai kare ni ba, abin yake cinsa. Sai ya tura kwalin da ƙafa zuwa gabana.

“Ki duba ko irinsu ne. In ba su ba ne in mayar ranar Asabar. Kuma a ba ni abinci, Binta, tun safe rabona da ci.”

Irinsu ne. Na tashi na zuba masa.